Gonar gero da saura sun ƙi rabuwa a hoton Sentinel-2, JM ya tsaya a 1.2

Ɗan Mirya:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki, don kwana goma ke nan ina juya abu ɗaya ban ga bakin zaren ba.

Ina shekarar ƙarshe ta masta a fannin labarin ƙasa nan Damagaram, kuma memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, taswirar amfanin ƙasa ce ta wani yanki kudu da Mirya, inda ƙauyenmu yake. Na sauke hoton tauraron ɗan adam Sentinel-2 na farkon Oktoba, matakin 2A, wato wanda aka riga aka rage masa tasirin iska da ƙura. Na ɗauki bandi 10, wato zangunan haske da tauraron ke ɗauka daban-daban: huɗu masu mita 10, da shida masu mita 20 waɗanda na mayar mita 10. Na raba ƙasar rukuni bakwai: ruwa, lambu, gari, fako da dutse, tudun rairayi, gonar gero, sai saura, wato gonar da aka huta da ita.

Samfurin, wato wuraren da zan nuna wa kwamfuta misalin kowane rukuni, ba a zaune na zana su ba. Kwana tara na yi a bayan kabu-kabu, wani wurin da ƙafa, ina ɗaukar maki da GPS na waya, ina tambayar masu gonaki me suka shuka bana. Da na dawo na zana shacin kowace gona a manhajar taswira QGIS, na sa manhajar SCP ta lissafa mini nisan Jeffries-Matusita, wato JM, lambar da ke nuna yadda rukuni biyu suka bambanta a hoto, tsakanin rukunan, biyu-biyu.

Ruwa da kowa 2.00. Lambu da gero 1.97. Gari da fako 1.6, wannan bai ba ni mamaki ba, tun da gidajen ƙauyukanmu da ƙasar wurin aka gina su. Amma gero da saura, waɗanda su ne ainihin abin da nake son rabawa, 1.21. An koya mana sai lamba ta wuce 1.9 ake cewa rukuni biyu sun rabu da kyau.

Ga abin da na yi, kuma shi ya fi damuna. Na koma kan shacin gero na cire duk gonar da hatsinta bai yi kyau ba, na bar cibiyar gonaki biyar masu duhun gero da ke kusa da gari. A saura ma na bar wurare uku masu sabara sosai. Sai JM ya haura 1.94. Na yi murna, na saki lissafin rarrabawa na mafi girman yiwuwa. Taswirar da ta fito ta fi ta farko muni. Gonar babana, wadda ni da ƙannena muka yi wa noman fari da maimai a daminar nan, ta fito saura daga wannan kunya har waccan. Kusan duk gonakin jigawa da ke nesa da gari haka suka fito.

To yaya lamba za ta gyaru, taswira ta lalace? Sannan wani abokina ya sa mini samfurin farko a wata manhaja, ENVI, ta ba shi lamba biyu, JM 1.2 da wata TD 1.6. Ya ce in rubuta TD a memuwar tun da ta fi kyan gani. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba, amma ban san hujjar da zan ba shi ba. Wanda ya san abin ya warware mini, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam. Ɗana, zuciyarka ta gaya maka gaskiya, kuma gonar babanka ta yi maka aikin da babu wata lamba da za ta yi maka. Bari mu tafi a hankali.

Ka san masussuka. Ka zuba gero tsibi ɗaya, ka zuba dawa tsibi ɗaya a gefensa. In aka tambaye ka ko sun rabu, ba tazarar da ke tsakanin kan wannan tsibi da kan wancan kaɗai za ka duba ba, sai ka duba gindinsu, ina kowanne ya bazu ya kai. Tsibi biyu masu taku uku a tsakani, in gindinsu a tattare yake, ba ƙwaya ɗaya da za ta haɗu. In kuwa awaki sun bi ta kai sun baza su, taku ukun nan ba zai hana su cakuɗa ba. Kowane rukuni a hotonka tsibi ne na piksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoton. Kan tsibin shi ne matsakaici, gindinsa shi ne bazuwa, wadda a lissafi ake tarawa cikin jadawalin kobariyansi.

Nisan Yuklid kan tsibi zuwa kan tsibi kawai yake aunawa, shi ya sa ba ya wadatar da mu. Mahalanobis, masanin ƙididdiga na Indiya, a 1936 ya kawo nisan da ake aunawa da ma'aunin bazuwar. Ɗan ƙasarsu Bhattacharyya a 1943 ya kawo ma'aunin yadda rabo biyu suke hawan juna. In an ɗauka kowane rukuni tsibi ɗaya ne mai kai ɗaya, irin rabon Gauss, to nisan Bhattacharyya, mu kira shi B, kashi biyu ne ake tarawa. Na farko tazarar matsakaitan biyu, an raba ta da bazuwarsu ta haɗin gwiwa, an ɗauki ɗaya bisa takwas. Na biyu bambancin siffar tsibin biyu, wato ko da kansu wuri ɗaya yake, in ɗaya tattararre ne ɗaya bazazze, akwai ɗan abin da za a iya rabawa.

B ba shi da iyaka, yana iya kai 5, yana iya kai 500. Amma ruwa da rairayi in sun rabu sun rabu, ƙarin nisa ba ya ƙara komai ga ingancin taswira. Don haka ake lanƙwasa shi: JM = 2 × (1 − e^−B). Yana farawa daga 0, ba ya wuce 2. Lambar nan 1.9 da aka koya muku tana daidai da B kusan 3.

Yanzu ga amfanin abin, wanda a yawancin aji ba a tsayawa a kai. B yana ɗaure da kuskuren rarrabawa. In rukuni biyu daidai suke a yawa, kuma da gaske siffar Gauss gare su, kuskuren ba zai wuce rabin e^−B ba. Ka juya lissafin: a JM 1.9 kuskure ba ya wuce kashi 2.5 cikin 100. A 1.8, kashi 5. A 1.2 naka, rufin kashi 20 ne, ƙasan kuma kusan kashi 4. Ka ga 1.2 ba mutuwa ba ce. Cewa take yi, a wannan hoto, da waɗannan bandi, tsibin biyu sun hau juna, kuma har piksel ɗaya cikin biyar na iya faɗawa gidan da ba nasa ba. Wannan sakamako ne da ake rubutawa a memuwar a kare shi gaban alƙalai.

To me ka yi da ka datse shacin? Ba ka matsar da tsibin ba, gindinsu ka share. Ga misali da bandi ɗaya don ka gani da idonka. A ce matsakaicin NDVI, ma'aunin koren tsiro, na gero 0.30, na saura 0.36, bazuwar kowanne 0.05. B zai zama tazarar sau kanta, a raba da takwas sau bazuwar sau kanta: 0.18. JM kuma 0.33. Yanzu ka bar matsakaitan yadda suke, ka datse samfur har bazuwa ta sauko 0.012. B ya zama kusan 3.1, JM ya zama 1.91. Gonakin suna nan yadda Allah ya yi su, ba abin da ya canza a ƙasa. Kai ne ka gaya wa kwamfuta cewa gero shi ne kawai gonar bakin gari mai cin taki da shara. Da ta iske gonar jigawa mai tazarar shuka da farin rairayi tsakanin kowane gindi, sai ta ga ba ta yi kama da geron da ka nuna mata ba, ta jefa ta saura.

Akwai kuma wata ɓarna a ɓoye. Piksel da maƙwabcinsa a gona ɗaya kusan abu ɗaya suke faɗi. Hekta ɗaya a mita 10 piksel 100 ce, amma ba shaidu 100 ba ne, shaida ɗaya ne ya maimaita magana. Gonaki biyar, komai yawan piksel ɗinsu, ba za su nuna maka bazuwar gonakin yankin ba. Gara ƙananan shaci 40 a warwatse da manya guda biyar.

Batun TD. Asalinsa wani ma'auni ne da ya fito daga aikin Jeffreys da na Kullback da Leibler, mu kira shi D, shi ma ba shi da iyaka, sai masu bincike na jami'ar Purdue a Amurka suka lanƙwasa shi a shekarun 1970: TD = 2 × (1 − e^−D/8). In bazuwar rukunan biyu iri ɗaya ce, TD da JM lamba ɗaya suke bayarwa, ba bambanci ko kaɗan. Inda suke rabuwa shi ne in ɗaya tattararre ɗaya bazazze. Ɗauki tsibi biyu masu matsakaici ɗaya, bazuwar ɗaya ta ninka ta ɗayan sau biyar. JM zai ba ka 0.76, TD zai ba ka 1.53. Ƙaramin tsibin a tsakiyar babban yake zaune, amma TD na nuna kamar an kusa rabuwa. Tazarar da ka gani, 1.2 da 1.6, tana gaya maka ɗaya daga cikin rukunanka ya fi ɗayan bazuwa nesa ba kusa ba. Ka rubuta su duka biyun in kana so, amma hukuncinka ka ɗora shi kan JM, kuma ka gaya wa abokinka ba a zaɓar ma'auni bayan an ga wanda ya yi daɗi.

Ƴar Zango:

Malam ya gama da lissafi, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta wajen ƙasa zan shigo, don shekara shida ke nan ina aikin taswirar gonaki tsakanin Magariya, Matamai da Mirya.

Ƙanena, matsalarka ta farko ba samfur ba ce, wata ne. Me ya kai ka Oktoba? Na san amsar, gajimare. Kowa gudun hadarin Agusta yake yi ya faɗa Oktoba don hoton ya fi tsabta. Amma ka tuna yadda ƙauyenku yake a farkon Oktoba. An yanke gero ko ana kan yanka, wasu sun kwantar da kara, wake ne ya rage kore a ƙasa yana yaɗo. A saura ciyawa ta fara bushewa, ƙarangiya ta yi fari, sabara da kalgo ne kore. Daga sama duk biyun abu ɗaya ne: rairayi, busasshen abu, da ɗigon kore nan da can. Ko kai da ka tsaya kan dutse ka hango daga nesa sai ka yi kokwanto. Tauraron bai yi ƙarya ba.

Ka tambayi kanka wane lokaci ne manomi da kansa yake bambanta gona da saura da hannunsa. Lokaci biyu ne. Na farko ƙarshen bazara, Mayu zuwa farkon Yuni, in an yi sharar gona, an sassabe sabara, an tara an ƙone. Gonar da za a shuka tana zama fes, fara tas, saura kuwa tana nan da kututtukanta da ragowar busasshiyar ciyawa, sai dai inda dabbobi suka cinye. A nan bandi masu lamba 11 da 12 su ne abokanka, don sun fi na ido jin bambancin busasshen tsiro da rairayi tsirara. Na biyu bayan noman fari, cikin Yuli. Gero yana ƙarami, an share tsakanin gindi, gona kusan rairayi ce zalla, alhali saura ta rufe da ciyawa shar. Abin da ke ba baƙi mamaki a ƙasarmu ke nan: sau da yawa saura ta fi gona kore. Wanda ya zo da tunanin cewa gona ita ce wuri mafi kore, taswirarsa a kife za ta fito.

Sentinel-2 na dawowa kowane kwana biyar tun da aka harba na biyun a 2017, ga Landsat 8 da 9 a gefe in ka rasa. Cikin Yuli da wuya ka rasa rana ɗaya da yankinka ya washe, tun da ba faɗi gare shi ba. Ka tara hoto uku, Yuni da Yuli da Oktoban da ke hannunka, ka sake lissafin JM da samfurinka na farko, waɗanda ba ka datse ba. Hoton bazara kuma ka dube shi da kyau kafin ka yarda da shi, ranar da ƙura ta tashi gyaran matakin 2A ba ya share ta duka.

Sai gawo. Ban ga ka ambace shi ba, kuma kudu da Mirya ba a maganar gona a bar gawo. Yankin nan namu na Mirya da Magariya da Matamai ya yi suna da renon tsiron itace a gona da manoma suka yi da kansu tun shekarun 1980, kuma gawo ne kan gaba. Shi kuwa al'adarsa a juye take da ta sauran itace: da damina yake zubar da ganye, da rani yake tofowa. A Oktoba ya fara fitar da sabon ganye. Babban gawo ɗaya na iya rufe piksel guda na mita 10, har ya taɓa na kusa. Ke nan a cikin rukunin da ka kira gonar gero akwai gonar da ba itace, akwai mai gawo jefi-jefi, akwai mai gawo kamar kurmi. Ina zaton nan ne bazuwar da Malam ya hango daga tazarar JM da TD take fitowa.

Na taɓa yin wannan kuskure a wani aiki wajen Korama. Gonaki masu gawo suka riƙa fito mini lambu a hoton Janairu, don su da rake da albasa ne kaɗai kore a lokacin. Sai da wani dattijo ya ja ni gindin itacen ya ce in ɗaga kai.

Abu na ƙarshe, ka zauna da kalmar saura ɗin nan. Gonar da aka huta da ita bana kaɗai, da wadda ta shekara biyar ba a taɓa ba, da burtali, da makiyaya, duk ka zuba su kwando ɗaya? A yankin da mutane suka yi yawa irin kudancin Damagaram, tsohuwar saura ta yi ƙaranci ƙwarai. Akwai kuma gonar da aka shuka, mai ita ya tafi cirani ko ciwo ya kwantar da shi, ba a nome ba, ciyawa ta cinye. Mai gonar zai ce maka gero ya shuka, kuma gaskiya ya faɗa, amma ga tauraro saura ce. Ka koma littafin da ka rubuta a daji ka ware irin waɗannan.

Na-Yamai:

Ni a ganina duk wannan wahalar JM ta zamanin da ce. Ɗan'uwa, buɗe Google Earth Engine, ka tara hotunan damina duka, ka ƙara Sentinel-1 da gajimare ba ya tare shi, ka saki Random Forest, wata hanyar rarrabawa da kwamfuta ke koya daga samfur. Ba ruwansa da Gauss, ba ruwansa da kobariyansi, kuma shi da kansa zai jera maka bandin da suka fi amfani. Ka ware kashi 30 na makinka don gwaji, ka fitar da jadawalin kuskure, shi ke nan. Abin da alƙalai za su duba ke nan. Mu a nan mun daɗe ba mu lissafa JM ba.

Tsohon Mushe:

Na-Yamai, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. JM hasashe ne kafin aiki, kuma a kan zaton Gauss aka gina lissafinsa. Wanda zai yi Random Forest, lambar ba ta ɗaure shi, yana iya samun taswira mai kyau da JM maras kyau, musamman in rukuni tsibi biyu ne a cikin suna ɗaya. Kuma hukuncin ƙarshe na jadawalin kuskure ne, a kan makin da ba su shiga horo ba. A nan ba mu da saɓani, sai dai in ƙara cewa rabon nan na kashi 30 gona-gona ake yin sa, ba piksel-piksel ba. In rabin gona ya shiga horo rabinta ya shiga gwaji, ka ba ɗalibi amsa kafin jarrabawa.

Amma ba na so yaron nan ya tsallake abin da ke gabansa. Da samfurin nan da ya datse, Random Forest ma saura zai kira gonar babansa, don bai taɓa ganin geron jigawa ba. Sannan jadawalin kuskure yana gaya maka ka faɗi, ba ya gaya maka dalili. JM kuwa, in ka lissafa shi wata-wata, bandi-bandi, yana nuna maka ranar da rukuni biyu suka fi nisa da juna, cikin minti kaɗan, a kwamfutar da ba ta buƙatar intanet. Ga ɗalibin da ke sayen megabit da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗana, ga gargaɗi kan shawarar ƴar'uwarka, wadda shawara ce mai kyau. In ka tara hoto uku kowanne bandi 10, kana da 30. Jadawalin kobariyansi na bandi 10 lambobi 55 ne za a ƙiyasta wa kowane rukuni. Na bandi 30, lambobi 465. In piksel ɗin rukuni ba su wuce yawan bandi ba, lissafin ma ba ya yiwuwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla ninki 10 na yawan bandi, in da hali har ninki 100. In samfur ya yi kaɗan, JM kumbura yake yi, kuma duk bandin da ka ƙara, ko da shirme ne, ba ya rage lambar, sai dai ya ɗaga ta. Za ka ga 2.00 ko'ina ka ɗauka ka gama, alhali taswirar tana ƙara lalacewa. Hughes ya bayyana wannan tun 1968. Don haka duk jadawalin da na gani 2.00 daga sama har ƙasa a ƙasa irin tamu, tambayata ta farko ita ce piksel nawa, daga gona nawa. Ka zaɓi bandi biyar ko shida daga cikin 30 ɗin. Bandi 2 da 3 da 4 a kan rairayi kusan magana ɗaya suke maimaitawa, ba sai ka kwashe su duka sau uku ba.

Wajen zaɓen kuma kada matsakaicin JM na dukan rukunai ya ruɗe ka. Rukuni bakwai suna ba da haɗi 21, yawancinsu masu sauƙi, su za su ja matsakaicin sama su rufe maka ciwon. Ka dubi mafi ƙanƙanta.

Na manta ɗazu: in kana kwatanta lambarka da ta wasu rubuce-rubuce, ka duba sikelinsu. Wasu suna ɗaukar tushen murabba'i, iyakarsu 1.414, manhajar ERDAS kuma tana ninkawa da dubu, JM ya tsaya a 1414, TD a 2000. Wanda ya rubuta 1.38 a wancan sikeli, 1.9 ke nan a naka.

Ɗan Mirya:

Malam, Yaya, da ɗan'uwa na Yamai, na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na yi shiru kwana biyu don ina so in dawo da abu a hannu.

Na mayar da samfurin farko gaba ɗaya. Na zana hoton rabon piksel na gero a bandi mai lamba 8, sai ga kai biyu ƙarara, ba tsibi ɗaya ba. Da na bi su a taswira, ɗaya gonakin bakin gari ne da masu gawo da yawa, ɗayan gonakin jigawa. Na raba su rukuni biyu, da niyyar in haɗe su bayan rarrabawa. A littafin daji kuma na iske gonaki shida da na rubuta "an shuka, ba a nome ba". Na fitar da su gefe.

Na sami hoton Yuni mai tsabta da na tsakiyar Yuli wanda gajimare ya rufe kusurwa ɗaya kawai. A Oktoba kaɗai, geron bakin gari da saura 1.7, geron jigawa da saura 0.9. Ashe 1.2 ɗin nan ma rufa-rufa ce, ainihin ciwon ya fi haka zurfi. Da na ɗauki bandi shida, 11 da 12 na Yuni, 4 da 8 na Yuli, 8 da 11 na Oktoba, geron jigawa da saura ya kai 1.74. Bai kai 1.9 ba, kuma ba zan taɓa shacin ba. Bisa lissafin Malam rufin kuskuren kashi 6.5 ne, in zaton Gauss ya tsaya. Gonar babana ta fito gero, ban da gefen gabas inda rairayi ya binne shuka har sau biyu bana, wanda ko mu ba mu samu komai a wurin ba.

Inda nake da rauni yanzu shi ne saura. Wurare 11 kacal gare ni, kuma bakwai daga ciki gefe ɗaya suke, wajen burtali. Ina jin tsoron 1.74 ɗin ma ya ɗan kumbura saboda haka. Ranar Lahadi kasuwar Mirya, zan sami mutanen ƙauyukan kudu a wuri ɗaya, in tambayi waɗanda suka huta da gona a daminar da ta wuce, in bi su in ɗauki maki. Waɗannan sababbin ba zan sa su a horo ba, na gwaji ne, kuma da su zan kwatanta hanyar da na fara da Random Forest ɗin da Na-Yamai ya kawo.

Yaya, tambaya ɗaya ta rage. Gonaki shidan nan da aka shuka ba a nome ba, a aikinku wane rukuni kuke sa su? In na kira su gero, taswirar za ta ƙirga hatsin da ba a girbe ba. In na kira su saura, masu su za su ce ƙarya na yi musu, don iri sun zuba.

Ƴar Zango:

Ya danganta da tambayar da taswirarka ke amsawa, ƙanena. In filin da aka shuka kake ƙirgawa, gero ne. In abin da ya rufe ƙasa kake nunawa, saura ne. Mu muna ba su suna nasu a littafin daji, ba ma sa su a horo, kuma muna rubuta yawansu a rahoto. Ka lissafa JM tsakaninsu da saura a hoton Yuni kaɗai. In an share su kafin shuka, a nan ne kawai za su bambanta. Ranar Lahadi ka tambayi masu su ko sun yi sharar gona kafin ruwan fari, ko binne suka yi a busasshiyar ƙasa suka tafi.